Jirgi Mai Jan Zobe

Ranar da za mu bar Nakkasa, unguwarmu ta kan dutse da ba ta da nisa da Harami, bayan ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, sun yi wa bangon gidanmu alamar rusau, jikata ta jawo wani guntun ƙarfe daga ƙarƙashin gadona ta nufi bola da shi. Faɗinsa bai fi faranti ba, gefensa duk tsatsa. Ƙarar da ya yi da ya bugi dokin ƙofa ita ta sa na waiwaya.

"Ke! Ina za ki da shi?"

"Sitti, hadid ne fa, tsohon ƙarfe. Motar ta cika."

"To ke ki sauka, a sa shi a mazauninki."

Ta yi dariya, ta zaci wasan jika da kaka ne. Da ta dubi fuskata sai ta ajiye. Na bar katifa a gidan nan, na bar turmin da na tsufa ina daka a ciki, amma ƙarfen a kan cinyata ya sauko daga dutsen. In ka goga shi da yatsa mai ɗan laima, har yau yana ba da warin kwal da gishirin teku, warin rigar Babana ke nan. Guntu ne daga bututun hayaƙin wani jirgin ruwa. Jikokina Larabci ya cinye musu baki, in na fara ba su labarinsa sai su koma danna waya. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ban riƙe alƙalami ba sai da furfura ta fito mini, a makarantar matan unguwa ta bayan la'asar, don haka mai neman ado a magana ya nema a wani wuri.

Daga ƙasar Haɗeja muka taso, ina goye a bayan Inna. A hanya na yi ƙafa, a hanya na yi baki. Da ni, da Baba, da Inna, da Kaka uwar Baba, wadda ita ce ma ta tayar da tafiyar don ta ce sai ta ga Ɗakin Allah kafin ta mutu. Inda guzuri ya ƙare a tsaya a yi ƙwadago, a tsinci auduga a gonakin Sudan, in an ɗan tara a ƙara gaba. A cikin gonakin audugar nan aka haifi ƙanina. Yana rarrafe muka isa Bur Sudan, bakin Bahar Maliya, muka sauka a unguwar Takari, wato mutanenmu masu jiran tsallakawa.

A nan na fara ganin jirgin. A lokacin na wani kamfanin Turawa ne, kuma ko a lokacin tsoho ne. An ce can a ƙasarsu mai sanyi ya yi ƙuruciyarsa yana jigilar mutane daga gari zuwa gari a bakin teku, da ya tsufa aka turo shi wajenmu. Na yarda da wannan, domin a ɗakunansa akwai ƙarafan ɗumama ɗaki, a tekun da iskarsa ke dafa mutum. Yana da suna da rubutun boko a goshinsa, amma wa zai karanta? Mutanenmu Mai Tari suke ce masa, don kafin ya motsa sai ya yi ta tari kamar tsohon da taba ta gama da ƙirjinsa. Ku gane wannan da kyau, don a kansa komai ya rataya: mu ba da suna muke sanin jirgi ba, da bututunsa muke saninsa. Daga ƙofar tasha, inda aka yarda talaka ya tsaya, ba a ganin jikin jirgi, rumbunan kaya sun tare. Bututu kaɗai ke leƙowa ta samansu. Sai ka ji ana cewa mai farin bututu ya shigo, ko mai tauraro ya tashi. Na Mai Tari baƙi ne wuluk, da jan zobe a wuyansa.

Ana gab da shiga jirgi likitan karantina, mai duba lafiyar matafiya, ya ɗaga rigar ƙanina ya ga ƙyanda. Ya ce yaro ba ya tsallakawa, uwarsa ma haka. Arfa ta matso, wannan ne jirgin ƙarshe da zai riski aikin Hajji, Kaka kuwa ƙafafunta sun kumbura har ba ta iya sa takalmi. Ta ce ba ta yi tafiyar shekaru don ta mutu tana hangen ruwa ba. Baba ya tsaya tsakanin uwarsa da matarsa, ya zaɓi ya kai uwarsa ya dawo. Ni aka haɗa ni da su don a rage wa Inna baki ɗaya.

Akwai wani abu da kowa ke tsoro a unguwar Takari, masu sambuk, ƙananan jiragen filafilai. Dillalansu na yawo bukka bukka suna neman matan da mazansu suka riga su tsallakawa. Sai su ce mijinki ne ya aiko mu, ga ma hularsa. Wasu a zubar da su a gaɓar da babu ruwan sha, wasu kuwa, mata da yara, ba a sake jin ɗuriyarsu, ana cewa sayar da su ake yi. Baba ya san wannan. Saboda haka a ƙofar tasha ya kama hannun Inna a gaban mutane, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya nuna mata sama da rumbunan.

"Kin ga zoben can? Duk wanda ya zo ya ce ni na aiko shi, ƙarya yake. Ko da rigata ya zo, ko da takarda. In kin ga jan zoben nan ya dawo, ina ciki, ni da ƙafata zan sauko in ɗauke ki. In ba ki gan shi ba, kada ki motsa."

"Na ji, Malam."

"Rantse."

Ta rantse. Fuskar uwata ta ɓace mini, ƙarya ne in ce ina tuna ta. Abin da na riƙe shi ne wushiryarta, da ƙamshin man shanu a gashinta, da gyaɗar da ta ƙulla mini a bakin zane. Na ƙanƙame ƙafarta na ƙi saki, sai ta mare ni ta ce, "Bi ubanki, gobe fa zan zo." Abu na ƙarshe da uwata ta yi mini a duniya mari ne, kuma da zan same shi yau da na miƙa ɗaya kuncin.

Muka tsallaka a bisa dandamalin jirgi, a cushe kamar goro a huhu, maza cikin harami suna labbaika, mata suna amai. Kafin mu ga Jidda Baba ya riga ya sauka ƙasan jirgi ya yi magana da rayyis, wato shugaban 'yan wuta masu zuba kwal a tukunyar jirgi, wani Bazabarme mai Hausa a baki. Suka shirya bayan Hajji zai zo ya kama shebur. Dabararsa ke nan ta komawa ba tare da takarda ba, domin takardarmu ta alhazai tana ƙarewa da ƙarewar aikin Hajji, wanda ya fita da ita ba ya sake shigowa. Kaka ta yi Hajjinta, ba ta kuma mutu ba. Ta ƙara shekaru masu yawa.

Bayan Hajji Baba ya sauka Jidda ya tarar Turawa sun sayar da jirgin. Wani attajirin Jidda ne ya saya. Ya sa aka shafe sunan boko aka rubuta na Larabci, aka yi wa bututu koren fenti tun daga sama har ƙasa. Jirgi ɗaya, tari ɗaya, hanya ɗaya, Jidda zuwa Bur Sudan, amma babu zobe. Ya kuma kafa doka, saboda wasu 'yan wuta sun taɓa sauka suka gudu: marar takarda ba ya taka ƙasa. Da jirgi ya doshi tasha sai a rufe su a ƙasa wajen tukunya, a sa mai gadi a bakin tsani.

Baba ya roƙi rayyis, shi mai takarda ne, ya sauka ya nemo ta. Bai sha wuya ba, ya same ta a ƙofar tasha tana tuyar ƙosai, yaron ya warke yana wasa a gefenta. Ya ce mata mijinki na cikin koren jirgin can, ga hularsa. Ta ɗaga kai ta dubi saman rumbuna, ta dubi hular, ta ɗebo tafasasshen mai a ludayi ta ce ya matsa ko ta yi masa wanka. Ya sake komawa a wani zuwan da takardar da wani malami ya rubuta da ajami. Ta ƙi ko taɓa ta. Alhazai masu komawa gida ma Baba ya ba su saƙo, duk amsa ɗaya ce. Duk wata shaida da zai iya aikawa, shi da bakinsa ya riga ya kashe ta.

Sau ɗaya ya ɗauki jan bargon Kaka, ya hau tsanin bututu ana tsakiyar teku ya naɗa masa a wuya. Kafin a hango gaɓa zafi ya babbake shi, hayaƙi ya mayar da shi baƙi. Kyaftin ya sa aka sauko da Baba aka kulle shi a ɗakin ajiye sarƙar jirgi har jirgi ya juyo. Da tabon ƙuna a tafin hannayensa biyu ya dawo mana.

Mu kuwa muna unguwar Tandabawi kusa da Harami, cikin ɗakin da aka yi da gwangwanayen kananzir da aka buɗe aka daddaƙe. Da zafi kwanon na ƙona bayan wanda ya jingina, in aka yi ruwan sama kuwa, wanda ba kullum ba, sai ambaliya ta gangaro daga duwatsu ta tafi da tukwanenmu. Kaka na sayar da hatsin tantabaru a hanyar Harami, ni ina binta da ƙwarya, in tantabaru sun ci sun rage in share in mayar mata a sake sayar wa wani alhajin. Tana ce mini ɓarauniyar tsuntsaye, ina ce mata tsohuwa mai sayar da abu ɗaya sau goma. In Baba ya dawo a motar kaya daga Jidda, tun daga bakin lungu nake jin warinsa. Yakan zo da busasshen kifi a ƙunshe. Ko ya yi wanka da sabulu, kwal na nan a layukan wuyansa da gefen idonsa kamar kwalli. Sai in tsaya in leƙa bayansa ko akwai mai biye da shi. "Tana zuwa," in ji shi, tun kafin in tambaya.

Kaka ba ta taɓa ambaton Inna ba, sai wata ranar Arfa da gari ya yi tsit, kowa ya fita, muna zaune mu biyu a inuwar kwano. Ta ce, "'Yar nan, da uwarki na biya Hajjina." Ban ce mata a'a ba. Ina yarinya, amma na san gaskiya in na ji ta.

Attajirin Jidda bai daɗe da jirgin ba, sababbin jirage masu shan mai suka ƙwace masa alhazai. Ya sayar wa wani Balarabe Bahadrame, shi kuma ya yi wa bututu rawaya, ya ɗauke shi daga hanyar Sudan ɗungurungum. Ya koma bin gaɓar wannan ƙasa, Jidda zuwa Yanbu, Jidda zuwa Jizan, yana ɗaukar fasinjoji da buhunan shinkafa da dabino. Rayyis ya bar aiki ya koma garinsu, da shi hanyar saƙo ta yanke. A shekarun nan ne ake faɗaɗa Harami, maza na barin kowane aiki suna komawa gini. Maƙwabta suka yi ta ce wa Baba ya bar wutar nan da ke cin huhunsa. Ya ce, "Jirgin nan ya san hanya. Wata rana zai koma."

Ni fa ban ga hikima a wannan ba. Da na fara zama budurwa bakina ya yi kaifi, wata rana yana cin tuwo na ce masa, "Sau nawa ka je bakin Bur Sudan? Me ya hana ka fasa ƙofa ka faɗa ruwa?" Kaka ta ɗaga muciya za ta kwaɗa mini, ya tare. Ya ce, "Da na faɗa, 'yan sandan can za su tsamo ni, su tura ni yamma. Wa zai hawo muku da gari?" Na ce da mun ci hatsin tantabaru. Ya wanke hannu bai ƙarasa tuwon ba. Har yau ina ganin da ya faɗa ruwan. Har yau kuma ban san me za mu ci ba da ya faɗa.

Kaka ta rasu, aka kai ta makwancinta a garin da ta sayi mutuwa a cikinsa da tsada. Aka yi mini aure, muka koma Nakkasa, na haifi ɗan fari. Sannan Bahadramen ya gaji, domin an yi titi, mutane sun koma mota. Wani falken dabbobi ya sayi Mai Tari. Ya ɓalle kujeru, ya fasa ɗakunan Turawa, ya yi garke hawa hawa, ya shafa wa bututu toka-toka, ya mayar da shi jigilar ragunan hadaya daga Sudan. Jirgin da ya ɗauki masu labbaika ya koma ɗaukar masu kuka. Amma jirgin raguna ba wanda ya damu da wa ya sauka wa ya hau, duk mai hannu ana so ya kora dabba. Haka Baba ya taka ƙasar Bur Sudan da ƙafarsa, kamar yadda ya yi alkawari, da gemu fari.

Da rana tsaka ya hawo dutsen Nakkasa, ina shanya. Wannan karon ba warin kwal na ji ba, warin fitsarin raguna ne. Ban leƙa bayansa ba. Ya zauna a kan bulo, ya ce tsofaffin mata masu tuya a ƙofar tasha duk sun san ta, Mai Jan Zobe suke ce mata, wasu na ganin ta taɓu. Koren jirgi ya shigo ya fita a kan idonta ba adadi, har fasinjojinsa ta sayar wa ƙosai. Maza sun neme ta da aure, ta ce tana da miji. Masu komawa gida sun ce ta bi su, ta ce an hana ta motsawa. In aka ce mata wataƙila an sake wa jirgin fenti, sai ta ce haka masu sambuk za su ce. A wata shekarar amai da gudawa ta tafi. Yaron kuwa wasu mutane suka ɗauka, wata ta ce gonakin auduga suka nufa, wata ta ce yamma.

"Ta riƙe maganata," in ji Baba. "Ta riƙe ta fiye da yadda na so."

Na ce, "Kai ka ɗaure ta, ka tafi ba ka bar wa kowa hanyar kwancewa ba." Bai musa ba. Na ci gaba da shanyata.

Bai bar jirgin ba. Duk zuwa sai ya sauka ya bi kasuwa yana duban bakin samari, yana neman mai wushirya irin ta Inna. Sai da tukunyar ta tsage, falken ya sayar wa masu yanka tsohon ƙarfe, aka ja shi aka kifar a wata gaɓa kudu da Jidda. Su ne masu shi na ƙarshe, su kaɗai ne kuma ba su saya masa fenti ba. Baba ya ce in raka shi ya yi masa sallama. Ban so ba, amma tari ya riga ya kama shi, irin na jirgin, ba ya iya tafiya shi kaɗai.

Muka tarar sun cinye rabinsa, haƙarƙarinsa a waje. Bututun na kwance a kan yashi, wani Bapakistane na yanka shi da wutar walda. Inda wutar ta bi, fenti ya kumbura yana ɓarewa. Baba ya durƙusa ya sa farce. Toka-toka ta tashi, ga rawaya. Ya kankare rawaya, ga kore. Ya ciro 'yar wuƙarsa ya kankare kore. Ashe attajirin Jidda bai sa an goge komai ba, shafawa kawai aka yi a kai. Jan na nan, jawur, kamar jiya aka shafa.

"Yana nan," ya ce. "Duk zuwan da muka yi, yana nan a wuyansa."

Ya zauna daɓas a kan yashi, ya yi kukan da ban ga ya yi ba ko ranar da aka binne uwarsa. Bapakistanen ba ya jin Hausa, Larabcinsa ma kaɗan ne. Ya kashe wutarsa ya dube mu, sannan ya sake kunnawa ya yanko wurin ya tura mana da ƙafa. Na naɗe shi a mayafina don da zafi. A hanyar komawa mota Baba ya dafa kafaɗata, na bar shi ya dafa. Bai ga wani aikin Hajjin ba.

Yanzu muna haya a bayan unguwar Aziziyya. In lokacin Hajji ya zo, manyan motoci na sauke mutanen Sudan a gaban gidajen alhazai, sun tsallako tekun nan ta sama kafin shayi ya huce. Kowa da waya a hannu yana nuna wa matarsa ɗakin da aka ba shi. Ni sai in ja kujerata bakin titi in zauna ina duban tsofaffi, duk wanda ya yi dariya in kalli haƙoransa. Ƙanina in yana raye ya tsufa, wataƙila haƙoran ma sun zube, wataƙila ba ya jin Hausa. Da na ba jikata labarin nan a mota ranar ƙaura, sai ta ce, "Sitti, me ya sa bai kira ta a waya ba?" Ban zage ta ba. A duniyar da ta sani, ba a ɓatar da mutum don an sake fenti.

Ƙarfen ba ya ƙarƙashin gado kuma. Na zauna da wuƙa na ƙarasa aikin da Baba ya fara, na kankare toka-tokar da rawayar da koren duka, na jingina shi a taga, jan yana kallon waje. Na san ba mai gani. Tagar ba teku take kallo ba, bayan wani otal take kallo. Amma an ce wa uwata ta jira jan zobe, ta kuma jira, ni kuwa ban ga wanda ya isa ya sake shafe shi ina raye ba.